Ɗakin Sanyin Tsohuwa

Tsiga, ƙasar Bakori,
Talata, 22 ga Afrilu.

Zuwa ga Yaya Almustapha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda za ta iske ka lafiya, kai da iyali duka. Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, Ya tsare ka daga sharrin ruwa da na hanya a can Fatakwal, Ya sa albarka a neman da kake yi. Mu nan Tsiga mun gode wa Allah. Maigidana Malam Adam ya gama sharar gonarsa ta bakin rafi, ya kai taki, yanzu sai duban gabas kawai ake yi. Hadari yakan taso da la'asar, ya yi baƙi kamar za a kwana ana ruwa, sai iska ta watsa shi. Zafin bana kuwa ko tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Yara suna makaranta, kuma kullum sai sun tambaye ni yaushe Kawu na Fatakwal zai zo.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ko shekaranjiya mun yi magana ta waya. Dalili shi ne, duk lokacin da ka kira, Tsohuwa tana zaune kusa da ni, idonta a kan bakina, kuma ta riga ta gargaɗe ni kada in tayar maka da hankali. Shi ya sa kake jin ina cewa lafiya lau, ɗan zazzaɓi ne ya sa ta zo wurina ta huta. Ba zazzaɓi ba ne, Yaya. Na rubuta ne a ɗakin Malam, zan ba Malam Aƙilu direba, tunda gobe da sassafe zai ɗauki masara daga Funtuwa zuwa wajenku. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka kira kowa.

Ka tuna bayan ƙaramar salla ka aiko aka sa wa mahaifiyarmu sola da na'urar sanyaya ɗaki, esi ɗin nan, a ɗakinta na gidanmu na Bakori. Allah Ya saka maka, domin ban taɓa ganin ta yi murna da wani abu kamar ranar ba. Mata sun yi ta shigowa suna tsayawa a gaban na'urar suna miƙa hannu, ita kuma tana cewa ɗanta ya aiko mata da hunturu a tsakiyar bazara. Mai haɗawar ya ce idan ana son sanyi ya zauna, sai an hana shi hanyar fita. Ya sa aka rufe tagogin nan biyu, aka liƙe gefensu da leda, aka cushe ƙananan ramukan shan iska na sama da siminti, aka kafa roba a ƙasan ƙofa. Babu wanda ya ce komai, ni ma ina wurin, har na taya su riƙe ledar. Abin da bai taɓa ba shi ne tsohuwar ƙofar nan da ke tsakanin ɗakin da sito, wadda marigayi Baba ya rufe da falanki ya jingina mata kabad. Bai ma san da ita ba, mu kuma mun manta.

Tun daga nan, da zarar rana ta ɗaga sola ta kawo wuta, Tsohuwa takan shige ta ja ƙofa, ba ta fitowa sai la'asar. Ka san halinta, ba ta son gado da rana, a ƙasa take shimfiɗa tabarma ta kwanta bayan azahar. Da na je gaishe ta bayan kwana goma, na iske ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ta ce kanta ke sarawa, ƙirjinta ya yi nauyi, abinci kuma ba ya zama. Fiddausi, matar Yaya Mati, ta ce sanyi ne ya yi mata yawa tunda jikinta bai saba ba, sai aka rage ƙarfin na'urar aka ƙara mata bargo. Na zauna da ita wajen awa biyu, na fito ina jin jiri, bakina yana ɗaci. Na ɗauka ranar da na sha a kan babur ce. Akwai kuma wani ɗan wari a ɗakin, kamar tafarnuwa ta lalace, na duba ƙarƙashin gado da bayan kwalla ban ga komai ba. Kwana uku bayan haka aka tsinci kyanwarta a mace a gindin kabad, babu rauni babu komai. Tsohuwa ta yi kuka, aka ce tsufa ne ko ta ci ɓeran da ya ci guba, aka yar da ita, maganar ta wuce.

Ranar Alhamis, yau kwana goma sha biyu ke nan, aka kira la'asar ba ta fito alwala ba. Fiddausi ta yi sallama sau uku, ta tura ƙofa, ta same ta kife a kan tabarma, ta yi amai, leɓɓanta sun canza launi, numfashi yana fita da kyar. Maƙwabta suka taimaka aka sa ta a mota zuwa asibiti a Funtuwa. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe aka kira ni, ban san yadda na isa ba, sai da na ga ƙafata ɗaya babu takalmi. Likita ya yi ta tambaya ko ta ci wani abu, ko ta sha wani magani, ko an fesa maganin sauro, muka ce babu ko ɗaya. Aka sa mata iskar roba a hanci da ƙarin ruwa. Kwana biyu tana kwance ba ta gane kowa, a rana ta uku ta buɗe ido ta tambaya ko an kashe na'urar, kada ta lalace.

Wadda Allah Ya sa ta gano bakin zaren ita ce Malama Rahab, maƙwabciyarmu ta gidan Bakori, 'yar Gozaki, wadda ta yi aikin jinya shekara talatin kafin ta yi ritaya. Ta zo dubiya bayan sun taso daga coci, ta zauna ta sa na ba ta labari tun daga farko. Da na zo kan warin da kyanwar, sai ta ajiye kofin da ke hannunta ta tambaye ni me ke bayan bangon. Na ce sito ne, Yaya Mati yana ajiye masara. Ta tambaya ko ya sa ƙwayar kashe ƙwari, irin wadda ake naɗewa a tsumma a cusa cikin buhu. Ban sani ba, sai muka koma Bakori tare a ranar. Ta hana ni shiga. Ta sa aka buɗe ƙofar ɗakin aka bar ta wajen awa guda, sannan ta rufe hancinta ta shiga, ta sa maza biyu suka janye kabad. Falankin ya ruɓe daga ƙasa, gara ta cinye shi, akwai rami da hannuna zai shige. Ta cikinsa kana hango buhuna jere har kusan rufi.

A tsakar gida ta yi mini bayani, kuma zan faɗa maka yadda na fahimta. Ta ce ƙwayar nan ba narkewa kawai take yi ba, wata iska mai guba take saki a hankali, kwana da kwanaki, ita ce ke kashe ƙwarin, kuma ba ta bambanta ƙwaro da mutum. Ta ce na'urar da muke ganin tana kawo iska mai daɗi, ba daga waje take ɗauko ta ba. Iskar cikin ɗakin take shaƙa, ta sanyaya ta, ta maido ta. To duk abin da ya shigo ta ramin nan ba shi da mafita, tunda mun toshe ko'ina da hannunmu. Ta ce wanda ke kwance a ƙasa kusa da ramin shi ya fi shaƙa. Da ta koma asibitin ta gaya wa likita, bai yi musu ba, ya ce alamun sun yi daidai, kuma saura kaɗan da ba a kawo ta da rai ba. Ya ce a kula da ita sosai, don irin wannan yakan taɓa zuciya.

Na je wurin Yaya Mati da ladabi, na durƙusa na faɗa masa. Bai musa cewa ya sa ƙwayar ba. Ya ce bana ƙwari sun yi yawa, ya ninka abin da ya saba sawa, kuma ya ƙara wata sabuwa ana saura kwana biyu Tsohuwa ta faɗi. Amma ya ce shekara goma sha ɗaya yana ajiye hatsi a wannan siton, Tsohuwa tana kwana a wannan ɗakin, ko tari ba ta taɓa yi ba. Na ce a da tagogi a buɗe suke dare da rana. Sai ya ce ashe ke nan laifin na'urar ne ba na masararsa ba, in je in gaya wa wanda ya aiko da ita. Daga baya kuma ya ce shi bai yarda akwai wata guba ba, hawan jini ne da tsufa, kuma ba zai kwashe buhu sittin ya kai kasuwa a wannan lokaci ba don maganar mata. Ya ɗauko kwali ya danna a ramin, ya mayar da kabad, ya ce shi ke nan an gyara. Yaya, kada ka ɗauka mugunta ce. Wahalar damina guda ce a cikin siton nan, kuma ina jin ya kasa yarda a ransa cewa shi ya kusa kashe uwarsa, don in ya yarda bai san inda zai sa kansa ba.

Da aka sallame ta na taho da ita Tsiga. Tana samun sauƙi, tana shan kunu, tana salla a zaune, amma in ta taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta tsaya ta dafa bango. Kullum maganarta ɗaya, a mayar da ita ɗakinta. Ta ce ɗanta ya hana kansa ya saya mata abu, ba za ta sa ya ji an ce abin ya zama cuta ba. Ta kuma ce idan ka ji, kai da Mati za ku saɓa, ita kuwa gara ta mutu a ɗakin da ta ga haka. Na ce mata ba za ta mutu ba, ba kuma za ku saɓa ba, amma na faɗa ne kawai.

Abin da ya sa na kasa jira shi ne abin da na gani jiya. Na je Bakori ɗauko mata kaya, na tarar da ƙofar ɗakin a rufe, na'urar tana ƙugi. Na tura, sai ga Fiddausi zaune a bakin gado tana ninke wanki, ta shimfiɗe jaririnta Awaisu a kan tabarmar Tsohuwa, a ƙasa, taku biyu daga kabad. Watansa huɗu. Ƙurajen zafi sun feso masa a wuya da baya, Yaya Mati ya ce sanyi yana tafiya a banza, ta riƙa shiga da shi da rana. Warin yana nan, ya ma fi na da. Na sunkuya na ɗauke yaron na fita da shi, ita ta biyo ni tana tambayar lafiya. Ya yi barci mai nauyi, sai da muka shafa masa ruwa ya motsa ya yi kuka. Na kai su wurin Malama Rahab, ta duba shi ta ce a wuce asibiti, can suka riƙe shi har yamma suka ce da sauƙi. Fiddausi ta rantse mini ba za ta sake shiga ba, amma ka san ba ita ke da ta cewa a gidan ba.

Kafin in baro gidan na kashe na'urar, na kulle ɗakin, na taho da mabuɗin. Ban taɓa yi wa Yaya Mati irin wannan ba tunda nake. Ya aiko mini cewa in mayar kafin Juma'a, in ba haka ba zai kira kafinta ya ɓalle kwaɗon. Na kuma ji daga bakin Fiddausi cewa a cikin makon nan zai kwaso sauran masarar da ke rumbun ƙauye ya ƙara a siton, da sabuwar ƙwaya.

Malam Aƙilu ya ce in hanya ta yi kyau zai iso ka ranar Alhamis da yamma. Kai kaɗai Yaya Mati yake jin maganarka tun rasuwar Baba. Ka kira shi a ranar, kada ka bari sai gari ya waye. Kada ka yi masa faɗa, kada ka ce shi ya jawo. Ka ce kai ne ka sa aka toshe ɗakin, kana so a buɗe tagogin da ramukan sama, a gina ƙofar nan da bulo, a fitar da masarar daga cikin gida gaba ɗaya. Malam Adam ya ce shagonsa na bakin hanya a wofi yake, babu mai kwana kusa da shi, a kai can. Tsohuwa kuma ka gaya mata da bakinka cewa ba ka ji haushi ba, kuma kai ka hana ta komawa sai an gama. Idan ta gane ni na faɗa maka, zan ɗauki fushinta.

Ka gaishe mini da Maman Sadiƙ da kyau, ka ce na ga atamfar, na gode. Ka shafa mini kan Abubakar Sadiƙ da Muhammad Sani, Allah Ya yi musu albarka Ya ba su ilimi mai amfani. Malam Adam yana gaishe ka, Malama Rahab ma ta ce in isar da gaisuwarta. Ku sa mu a addu'a, mu ma muna yi muku.

Wayata tana hannuna daga yanzu har Juma'a. In ka gama da shi, ka kira ni ko sau ɗaya ne ka kashe, zan gane.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Hansai.