Inna Ce Ke Zuba Wa Motata Rubutu a Tanki

Malam Ari, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ina da tsohuwar Landiroba wadda mahaifina ya bar mini. Tun da farin nan ya tsananta, da ita nake kai jar dawa ta taimako ƙauyukan bayan Gidimuni, inda babbar mota ba ta shiga saboda rairayi. Danginmu ma suna can, dawar nan suke jira.

To, motar ta fara wani hali. In an bar ta a tsaye tana ralanti, wato inji a kunne ba a taka mai ba, sai ta dinga karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta yi tari, ta mutu. A hanya kuwa ka taka mata mai har ƙasa, ba ta da ƙarfin hawan tudu. Ran nan ta mace da buhuna a kanta, mutane da ƙwarya a hannu suna jira har rana ta faɗi. Suma'ila makaniki ya canja buji, wato fulogi, shiru. Ya ce a sauke inji, ni kuma ina zan iya? Sai na zargi direbana Mutari da haɗa mini mai da kananzir, na zazzage shi a gaban garaji, ya aje makulli ya tafi.

Juma'ar da ta wuce na dawo daga sallar asuba, me zan gani? Innata, mahaifiyata, ta buɗe murfin tanki tana tuttula wani baƙin ruwa daga kofi! Innalillahi! Ashe rubutu ne take karɓowa wurin malaminta duk Juma'a don kada motar ta kife da mu. Kuma daga ruwan shanta take ragewa, a wannan marra da ake kwana a layin famfo. Ta dube ni tana murmushi, wai tun da ta fara ba mu taɓa haɗari ba. In na yi shiru motar za ta mutu, in na faɗa mata ita ce ta hana dangi abinci ran nan, ban san ko za ta iya ɗauka ba. Yaya zan yi?

Mai Tsohuwar Mota, Kara-Kara, Zinder

Ɗan'uwa, ni ma da na karanta sai da na riƙe baki. Amma ka kwantar da hankalinka, kada ka sauke inji.

Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya. Kofi kan kofi ya taru, in mota ta karkata a tudu sai famfon mai ya zuƙo shi. Ga tarin, ga rashin ƙarfin. A kwance tankin a juye shi tas, a busar, a hura bututun mai, a wanke kaburata, a canja matatar mai. Kada kuma ka ɗora wa Inna duka. Motar ta tsufa, kuma rairayi take ci kullum. Suma'ila ya duba matatar iska, ƙila ta toshe, kai kuma ka riƙa tace man kwalba da kake saye a bakin hanya. In bayan haka tana karkarwa, to a gwada ƙarfin injin.

Mutari kuwa, a bainar jama'a ka ci masa fuska, a nan za ka ba shi haƙuri. Ka je yau.

Inna ba ta yi don sharri ba, amma shirunka ba biyayya ba ne, bayin Allah na jiran dawa. Ba sai ka ambaci ranar da motar ta mace ba. Ka ce mata makaniki ya hana ruwa shiga tanki, gaskiya ce. Sannan ran Juma'a ka riga ta zuwa gindin motar, ka durƙusa, ka karɓi kofin ka yi bismilla ka shanye. Ba ƙarfen take tsoron rasawa ba, kai ne.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.

Malam Ari