Baƙar Leda da Gahawar Abu Bishara

Assalamu alaikum Hajiya Umm Nidal. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Alhamis, kaina ya ɗaure.

A bakin layinmu akwai shagon giya na wani dattijo Kirista, Abu Bishara. Shekara ashirin, in zan wuce sai na tsallaka titi ina istigfari. Ko sannu ban taɓa ce masa ba.

Watan jiya bayan la'asar sai ga shi da matarsa a ƙofar gidana, maigida kuma yana garin Aƙaba da motar kaya. Na kawo gahawa. Ya karɓi kofin ya ajiye bai sha ba. Nan na gane akwai magana, don kin san baƙo ba ya yin haka sai ya zo da roƙo, kuma ba zai sha ba sai an amsa masa.

Sai ya miƙo mini katin shaidar babban ɗana Suhaib. Ashe ƙanen Suhaib ɗin, Muhannad, ɗan shekara sha shida, shi ya ɗauka ya je sayen giya, abokai sun zuga shi. Wai dattijon ya dube shi ya ce, "Kai ja'iri, Suhaib ɗin da na sani gemu gare shi, ko a hanya ya zube? Sai ka cika sha takwas, ko ranar ma uwarka zan fara tambaya." Da ya ga abokan yaron a waje suna jiran su yi masa dariya, sai ya sa masa kwalbar lemo a baƙar leda don kada ya fita hannu biyu.

Roƙonsa ɗaya ne: kada uban ya ji, kada kowa ya ji, shi ma bakinsa a rufe. Na amsa, sannan ya sha.

To Hajiya, kin san abin da baƙar leda ke nufi a garin nan: a cikinta ake fitowa da giya. Wata maƙwabciya ta hango yaro ta baya da kayan makaranta ya fito da ita, ta kai ƙara. Ma'aikatan gwamna sun zo, Alhamis za su yanke ko su rufe shagon da jan hatimi. Sun ce dattijon ya faɗi sunan yaron a tambaye shi, ya ƙi. Cewa ya yi, "Na sha gahawar gidansu." A wajen mai burodi na ji haka. Subhanallah, mutumin da nake tsallake wa titi!

Matan da muke tilawa tare murna suke yi. Ni ma ba son shagon nake ba. Amma bai sayar ba. In na yi magana na tona ɗana, na karya alkawari, kuma a ce na tsaya wa mai giya. Yaya zan yi?

Uwa mai zullumi, Madaba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa.

Giya haramun ce, babu mai cewa ki sa wa shagon albarka. Maƙwabciyarki ma ba ta yi laifi ba, don 'ya'yanmu aka yi dokar, kuma da irin idonta take aiki. Amma ba a kan halaccin giya za a zauna Alhamis ba. Tambayar ita ce, ya sayar wa yaro ko bai sayar ba? Kin san amsa, kin kuma yi karatu, kin san nauyin ɓoye shaida. In an rufe mai bin doka, yaran za su koma wajen wanda ba ya duba kati.

Tsoronki gaskiya ne, za a yi surutu. Ki roƙi ma'aikatan su ɓoye sunan yaron.

Sai dai kada ki karya alkawari a bayan idon dattijon. Ki ɗauki Muhannad ku je gidansa gobe. Matarsa Umm Bishara za ta kawo gahawa. Ki karɓi kofin ki ajiye, kada ki sha sai ya warware miki alkawarin. Shi ya fi kowa sanin ba zai iya ƙi ba. Daga nan ki kira maigida, gara ya ji daga bakinki, sannan yaron ya je ya faɗa wa ma'aikatan gaskiya da bakinsa.

Allah ya shirya mana Muhannad, ya sanyaya zuciyar ubansa, ya ba ki ƙarfin hali.

Umm Nidal