Ɓargon da Suka Ƙi Karɓa

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya yi wa aikinki albarka, Ya ƙara basira. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙaninki ya samu aikin da yake nema, rufin ɗakin baya kuma na gyara shi, yanzu wuri ɗaya kawai yake yoyo.

In kin ga rubutun ya karkace, ba laifin aji huɗun da na tsaya ba ne kaɗai, hannuna ne ya gurɗe, kuma ni na jawo wa kaina. Kin tuna kin taɓa yi mini bayanin aikinki, kika ce a cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da su ne iyayen jini, ana ɗiba daga jikin mai lafiya a dasa wa mai ciwon daji? To, ni kafinta ne, abin da na gane shi ne in katako ya ruɓe a cire a sa sabo. Sai na yi wanka, na sa rigata ta fita kunya, na ƙi cin komai, na je asibiti na ce a ɗebi nawa. Ma'aikaciyar jinya ƙaramar allurar gwajin jini kawai ta fito da ita, na suma, na sulale daga kan benci na danne hannun. Tsohon da ya tsufa da zarto a hannu! Da na farfaɗo har masu shara suna yi mini fifita.

Na san za ki tambayi wanda zan ba ɓargon. Nan wasa ya ƙare, Uwata. Innarki ce. Abin da muke ce miki gyambon ciki ne, ba shi ba ne.

Likitanta yaro ne mai ladabi. Da na faɗi sunanki sai ya miƙe tsaye, ya ce yana karanta rubuce-rubucenki, masu bincike a ƙasashe da dama suna kafa hujja da su, har yadda ake kula da waɗanda aka yi wa dashen ɓargo akwai abin da suka koya a wurinki. Na cika na batse, kai ka ce ni na rubuta. Sai ya zauna, ya cire tabarau, ya ce nata ciwon dajin ba na jini ba ne, a hanta yake kuma ya bazu, ɓargona ko na saurayi ne ba zai yi amfani ba. Abin da ya rage a rage mata raɗaɗi. Na tambaye shi lokaci, ya ce wannan na Allah ne, amma in akwai na nesa a kira shi.

Duk kiran bidiyon da kike yi, ni ne mai riƙe waya. Sai ta sa in jingina ta da matashin kai, ta ɗaura ɗankwali, ta sa kwalli. Ni kuma in karkata wayar kada ki hango ledar ƙarin ruwa, in yi ta zuba barkwanci don kada ki ji numfashinta. Kina kashewa take zamewa. Ta sa na yi mata alkawarin yin shiru. Ta ce kina tsakiyar gwajin da kika daɗe kina jira, marasa lafiya da yawa sun sa rai da ke, ita kuwa mutum ɗaya ce. Wai ba ta reni itace don ta girgiza shi ranar da ya fara fure ba. Na ɗaga mata kai, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Na rubuto ne don a waya bakina bai iya komai ba sai wasa.

Ban ce ki zo da magani ba, kuma kada ki zauna kina tuhumar iliminki. Ki nemi izini ki zo da kanki.

Ki gaida maigidanki, da jikana Sarkin Ɓarna da ƙanwarsa. Gwaggonki da Kawu da ƙaninki suna gaishe ki.

Ni dai saura bashi ɗaya a wuyana: in shiga ɗaki in gaya mata na karya alkawari. Na san za ta juya fuska bango ta ƙi yi mini magana. Gara ta yi fushi da ni tana kallonki, da ta tafi tana yaba mini ba kya nan.

Naki har kullum,
Mahaifinki