Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ƙanwata Ummusalma,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya sanyin Jos? Ki gaishe min da mutanen Anguwan Rogo.

Lafiyata ƙalau a nan Jidda, ina aikina. Sai dai sau biyu ina zuba gishiri a shayin uwar ɗakina, har ta kai ni asibiti aka ɗibi jinina. Likita ya ce gwajin ya nuna alamun ciwon mantuwa, amma sai an ƙara bincike. Ni kam na gane. Haka Inna ta fara, har ta daina gane mu.

Kin san shekara talatin ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, sai dai in ce "yaron nan". Kunya ce, haka muka taso. Yanzu tsorona ranar da zan nemi sunan a bakina in rasa.

Kar ki gaya masa maganar jinin. Ki dai nuna masa layin nan, ya ga da hannuna na rubuta: Musaddiq, Allah ya yi maka albarka.

Yayarki,
Mariya