Harsashin Gidan Yaya Sule

Laraba da dare, Agusta 1991

Yau na je filin Yaya Sule a hanyar Ibeto, karo na farko tun rasuwarsa. Inna ce ta matsa. Ta ce, "Bala, je ka gani da idonka. In ba za ka iya ginawa ba a sayar, marayunsa su ci abinci."

Harsashin na nan yadda ya bar shi, bulon ko gwiwata bai kai ba. Wani dattijo Bakambare ya shuka masara a ciki. Ya ba ni haƙuri, wai ya ga ƙasar na zaune banza. Ban ji haushinsa ba. Masarar ta fi ni tsawo a ɗakin da Yaya ya taɓa nuna mini da ƙafa ya ce, "Nan naka ne in ka yi aure."

Abin da ya hana ni barci, da zan shiga ban tsallake bulon ba. Sai da na zagaya ta inda ya bar ƙofa, kuma wallahi na yi sallama. Har na ɗan tsaya jiran amsa.

Albashina ba zai kai ginin nan ko'ina ba, na sani. Amma ina rufe ido sai in gama shi tsaf, in sa kwano, in ji yaran suna guje-guje a tsakar gida. Yaya kaɗai na kasa sakawa ciki. Kullum yana waje da igiyar awo, ya ba ni baya.

Gobe zan ce wa Inna a sayar. Allah ya sa mai saye ya bar ƙofar a inda take.