Ordinatar Ta Ƙi Surukina

Malam, ina sanar da al'umma cikin alhini cewa ordinatar, wato kwamfuta, ta ƙi surukina. Ka taimake ni.

Ni ne sakataren wata ƙungiya a Gazawa da za ta sa ido a zaɓen da zai maido da mulkin farar hula. Daga Maraɗi aka ce ta imel kaɗai za a gayyaci mutane horo, wanda bai je ba kuma an cire shi. Don gudun shirme na rubuta regex, ƙa'idar da ke duba siffar adireshi. Na ce ta karɓi mai ƙarewa da .fr ko .com kawai, tunda su kowa ke da su a nan.

Ta karɓi na kowa ban da na shugabanmu, mahaifin matata. Wani abokin fataucinsa ne ya buɗe masa a Katsina, da wata doguwar wutsiya. Ga shi na haɗo maka. Mutumin da ko sunansa ba na kamawa, in ya shigo buro, wato ofishinmu, ina durƙushe har ya fita, ta yaya zan ce adireshinsa bai yi ba? In na yi shiru a cire shi, a gidana za a ci tuwon fushi. Ko barci ba na yi.

Wanda Ya Rasa Mafita, Gazawa

Ɗan'uwa, sannu. Regex mai gadi ne da ke duba riga, bai san ko mai gida yana ciki ba. Naka kuma ka ƙuntata shi, ka mai da duniya iyakar Gazawa. Sassauta: a ga @ guda, rubutu gaba da baya, da ɗigo. Sauran tabbaci, aika saƙon gwaji ka jira amsa.

Amma tsoronka na kan hanya. Adireshin da aka buɗe wa dattijo a kasuwa, na tabbata ya daɗe da mutuwa. Kada ka tunkare shi, kada ka tura matarka. Nemi taubashinsa, wanda al'ada ta ba damar tsokanarsa, ya ja shi a buɗe sabo cikin raha. Allah Ya sa a yi zaɓe lafiya.

Ƙarin bayani: kafin a buga jarida na aika gaisuwa ga adireshin don in tabbatar da mutuwarsa. Surukin naka, Alhaji Maharazu, ya amsa, har yana tambayar damina a wajenmu. Na yi kuskure. Ƙyale taubashi, gyara ƙa'idarka.