Na Ajiye Jan Baƙi, Malam

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna na Kutama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma miƙo mini ita za ka yi in karanta maka, tunda ka sha cewa rubutun likita sai mai sayar da magani. Amma na saba ba na yanke shawara sai na zo zaure na durƙusa gabanka, ga shi yanzu na yanke wata babba ba ka nan.

Gida lafiya. Inna tana fama da gwiwarta, kuma ba ta shan magani sai ta ga idona. Gonar hanyar Getso ta yi gero bana, wake ne dai tsutsa ta yi wa ɓarna. Ƙanwata Hadiza ta haihu, namiji, an mayar da sunanka. Makaranta tana hannun ƙanenka Baffa Isiyaku, yara sun ƙaru har an yi rumfar kwano a bayan masallaci.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Na ci jarrabawar shiga karatun ƙwarewa, wanda likita ke yi yana aiki a ƙarƙashin manya har ya zama gwani a fanni guda. Wuri biyu suka ɗauke ni. Ɗaya a Kano, fannin likitan iyali, inda duk Juma'a zan iya kwana a gida. Ɗayan a Kalaba, can bakin teku, tiyatar yara, shekara shida idan komai ya tafi daidai. Kalaba na zaɓa, Malam.

Dalilina ba mai tsawo ba ne. A asibitin da nake aiki a wajen Kabo, ana kawo mini jariri cikinsa ya kumbura, hanji ya toshe. Na san ciwon, na san aikin da za a yi, amma hannuna bai iya ba. Sai in rubuta takarda in ce a yi birni da shi. Wani uban ya tafi, wani ya karɓi takardar ya yi godiya ya juya ƙauye, ni kuma na san abin da juyawar take nufi. Na gaji da rubuta takardar nan.

Ba nisan ne ya dame ni ba. Matata Rabi ta ce ƙafarta ƙafata, ita da 'yarmu. Inna ta yi kukanta ta gama, yanzu ta koma tara mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kamar yaƙi za ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tafsirin azumi.

Tun ina sakandare ka zaunar da ni a damanka, ina jan baƙi: in karanto aya, kai ka fassara wa jama'a, bayan La'asar, a masallacin ƙofar gida. Kowace shekara mu ɗora daga inda muka tsaya bara. Ko da ina jami'a ban taɓa fashi ba, kullum ina hanya tsakanin Kano da Gwarzo da bakin azumi. Da ka rasu Baffa ya hau kujerarka, ni na ci gaba da zama a buzuna. To a Kalaba sabon shiga ba ya zaɓar lokacin hutunsa, balle ya ce a ba shi wata guda cur.

Na je wurin Baffa da dabarata ta ɗan boko. Na ce a sami wanda zai riƙe mini kafin in dawo. Ya bar ni na gama tsarina tsaf, sannan ya tuna mini cewa gidan nan ba a ba da aron buzun jan baƙi. Wanda ya zauna ya zauna ke nan, ba a tashinsa sai in shi ya ajiye ko ya mutu. Ya ce ni kaina ban samu ba sai da muryar tsohon alaramma ta tafi, kuma kai ne ka fi kowa tsayawa a kan wannan, don ba ka yarda a mayar da mahaddaci ɗan gadi ba. Me zan ce? Ƙa'idarka ce, da ita na girma.

Ya aika garin Durun aka kira Alaramma Lawan, tsohon ɗalibinka. Shi zai zauna daga bana.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba, don gidanmu ba a irin wannan maganar. Kana ɗauka biyayya ce take kawo ni kowane azumi. Wallahi ba ita kaɗai ba ce. Ban taɓa jin daɗin wani aiki a duniya kamar wannan zaman ba, har da likitancin. Idan na ja aya na yi shiru, ka karɓa, sai in ji babu wanda ya kai ni kusa da kai, alhali a cikin gida gaisuwa ce kawai take haɗa mu. Ka san da haka kuwa? Kai ka kai ni boko da hannunka lokacin da Baffa yake ganin kuskure ne. Ka taɓa lissafa cewa nan za ta kawo mu? Da kana zaure yau, cewa za ka yi in tafi, ko shiru za ka yi irin naka in gane da kaina?

Tare muka faro daga farkon Alƙur'ani, ni da kai. Yanzu an wuce Yasin, Baffa yana ganin azumi kaɗan ya rage a sauke. Na daɗe ina ɗauka da bakina za a ja ayar ƙarshe. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amma ban janye ba.

Juma'ar da ta wuce Lawan ya zo don su gwada zama da Baffa. Na nuna masa inda Baffa yake son a tsaya, da yadda yake gyaran murya idan aya ta yi masa tsawo. Na ɗauko buzun na ba shi. Gaskiya ya fi ni murya, jama'a ba za su yi asara ba. Da aka kira La'asar suka shiga ta ƙaramar ƙofar liman, wadda na saba bi a bayanka tun ina yaro. Na bi su har bakin ƙofar kafin in tuna. Sai na zagaya ta babbar ƙofa, na ajiye takalmina cikin na mutane, na sami wuri a sahu na uku.

Jibi za mu kama hanya. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Ɗanka,
Naziru